Daga Hannun Fafaroma Zuwa Hannun Sarki



Wani ɗalibi ne ya tare ni bayan karatun magariba a nan Sundimina, ya ce malaminsu na boko ya faɗa masa wai masu kiran gyara su ne 'yan Furotestan Musulunci, kamar yadda Martin Luther ya zame wa Kiristanci. Yaron yana faɗi yana murna, ya ɗauka yabo ne. Ni kuwa maganar ba ta kwanta mini ba, domin na san inda labarin Luther ya ƙare, masu wannan kwatance kuma galibi ba sa bin sa har can.

Alal haƙiƙa Fafaroma na wancan zamani ya wuce a kira shi babban limami kurum. Yana da ƙasa tasa a tsakiyar Italiya, yana da runduna, ana tara masa kuɗi daga kowace kusurwa ta Yammacin Turai. Amma makaminsa mafi kaifi shi ne fitar da mutum daga coci, domin idan ya fitar da sarki yakan kwance wa talakawa igiyar mubaya'a, duk mai kwaɗayin gadon kuma ya sami hujjar tawaye. Da wannan makami ne Fafaroma Gregory na Bakwai ya sa Sarkin Jamus Henry na Huɗu ya tsaya kwana uku cikin ƙanƙara a ƙofar ganuwar Canossa a 1077 yana neman afuwa, a kan rigimar wa ke da ikon naɗa manyan limaman coci. A 1208 Innocent na Uku ya rufe ibadar coci a Ingila baki ɗaya, har sai da Sarki John ya miƙa masa ƙasar a 1213, ya sake karɓar ta a matsayin bara mai biyan kuɗi duk shekara. Abin ma bai tsaya a Turai ba. A 1452 Nicholas na Biyar ya rubuta wa Sarkin Fotugal izinin yaƙar Musulmi da sauran waɗanda ba Kirista ba da bautar da su, daidai lokacin da jiragen ruwansa ke laluben gaɓar Afirka ta Yamma. Wannan takarda ta shafe mu, ko da kakanninmu ba su taɓa jin labarinta ba.

To amma wanda ya shiga kokawar sarakuna sai ya sha ƙasa irin tasu. A 1303 mutanen Sarkin Faransa suka kama Fafaroma Boniface na Takwas, daga 1309 zuwa 1377 kujerar ta koma Avignon a inuwar Faransa, daga 1409 kuma har mutum uku ke da'awarta a lokaci guda. Bayan duk wannan sai ga takardun nan da littattafanmu na Larabci ke kira Sukukul Gufran, waɗanda ake sayarwa da sunan sassauta azabar zunubi. Kuɗin da aka tara a Jamus, wani kaso na ginin cocin Bitrus ne a birnin Rum, wani kason kuma na biyan bashin da babban limamin Mainz ya ciwo a bankin Fugger don samun muƙaminsa. A kan wannan ciniki ne Luther, malamin jami'a a Wittenberg, ya rubuta mas'aloli 95 a 1517.

Ya kai mai karatu, ga tambayar da ya kamata ka tsaya a kanta. Shekara ɗari kafin haka Jan Hus ya soki irin wannan ciniki a birnin Prague, aka ƙona shi da ransa a 1415. Me ya hana a ƙona Luther? Na'urar ɗab'i ta taimaka, babu shakka, don ta baza rubutunsa cikin makonni. Turkawan Santambul ma sun taimaka ba da niyya ba, domin Sarki Sulaiman ya murƙushe Hangare a 1526 ya kewaye Biyana a 1529, babban sarki Charles na Biyar kuma yana buƙatar sojan sarakunan Jamus, ba zai iya buɗe yaƙi da su ba. Amma babban dalili shi ne sarakunan nan kansu sun gaji da ganin dukiyar ƙasarsu tana tafiya Rum. Bayan an fitar da Luther daga coci a 1521, Sarkin Saxony Frederick ne ya ɓoye shi a ganuwar Wartburg, inda ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci. Sunan Furotesta ma asalinsa ƙorafin da wasu sarakuna da birane suka shigar a taron Speyer a 1529 ne.

Inuwar sarki kuwa ba kyauta take ba. Da manoman Jamus suka tashi a 1524 da 1525 suna kafa hujja da Littafin da aka ce kowa ya karanta da kansa, Luther ya rubuta yana zuga sarakuna su murƙushe su, aka kashe kimanin mutum 100,000. A Zurich hukumar gari, wadda ta riga ta bar Fafaroma, ta nutsar da Felix Manz a kogi a 1527 saboda saɓani a kan baftisma. A Ingila Henry na Takwas, wanda matsalarsa ta aure ce, ya naɗa kansa shugaban coci a 1534, ya bi da ƙwace dukiyar gidajen ruhubanawa. Sulhun Augsburg na 1555 ya ƙarasa zance: addinin sarki shi ne addinin ƙasarsa, wanda bai yarda ba ya yi ƙaura. Ban ce Luther bai yi imani da abin da yake faɗi ba; mutumin da ya tsaya gaban Charles a Worms ya ƙi janye maganarsa ba matsoraci ba ne. Abin da nake cewa shi ne ikon da aka ƙwace daga Rum bai sauka a hannun mai ibada ba, a fada ya sauka.

Mu ba mu da Fafaroma, babu wanda ke da mabuɗin gafara a Musulunci, wannan kaɗai ya isa ya rushe kwatancen malamin can. Sai dai ɓangaren siyasar labarin ba baƙo ba ne gare mu, kuma ba sai mun yi nisa ba. Da Sarkin Kano Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya dage sai Tukur, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka fice tare da Yusufu suka yada zango a Takai, nan kusa da mu. Aliyu Babba ya shiga Kano da ƙarfin yaƙi a 1894, aka kashe Tukur a 1895, Sakkwato kuma ta haƙura da abin da takobi ya zartar. Babu wanda ya sauya aƙida a Basasa, amma ikon naɗi ya raunana. A 1903 Lugard ya ɗauke shi ɗungurungum, ya naɗa Abbas a Kano da Attahiru na Biyu a Sakkwato, tun daga nan bai koma ba. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta raba Sarki Sanusi na Ɗaya da gadonsa a 1963, gwamnatin Abacha ta tuɓe Sarkin Musulmi Dasuƙi a 1996, gwamna ya cire Sanusi na Biyu a 2020, wani gwamnan ya mayar da shi a 2024. Idan ka haɗa da dokokin lasisin wa'azi, irin wadda gwamnatin soja ta kafa a Jihar Kaduna a 1984, za ka ga tsarin Augsburg ne da rawani.

Saboda haka, 'yan'uwa, abin da ke gabanmu ya fi kama da ganuwar Wartburg. Mai mulki yakan zo wa masu kiran gyara da fili, da mota, da kujerar Hajji, da gurbi a hukumar tace wa'azi, kuma sau da yawa a lokacin da suke cikin matsi na gaske. Ban haramta wa kowa karɓa ba, ba ni da wannan hurumi. Amma ra'ayina shi ne kada mu nemi hukuma ta rufe mana bakin abokin saɓani, domin alƙalamin da ya soke lasisinsa yana nan a kan tebur bayan an sake gwamna. Takardar filin masallaci ta kasance da sunan jama'a. Abin da limami zai ci kuma ya fito daga hannun masu bin sa salla, ko da damin gero ne da kaka.