Ina Karnukan Makafinmu?

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, wani abu ne ya tsaya mini a rai.

Kwanaki ƙanena ya kawo wa 'yata tsarabar wani littafin yara na Turanci mai hotuna. Labarin wata yarinya ce makauniya, karenta ke kai ta makaranta, ya tsaya da ita bakin titi har motoci su wuce. Da 'yar tawa ta gama kallo sai ta ce, "Inna, su makafin kasuwar Jega ina nasu karnukan?" Wallahi sai na rasa bakin magana.

Su Turawa sun daɗe da wannan dabara. A Jamus aka buɗe makarantar horar da karnukan jagora a 1916, saboda sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Amurka ta buɗe tata a 1929. Mu kuwa kare na gadi ne da farauta. Ba ya shiga ɗaki, balle a je da shi ƙofar masallaci.

To, wa ke yin aikin karen a wurinmu? Yaro! Ku duba tashar Jega, ko wurin lodin albasa a Aliero, ko bakin titin Maiyama. Yaro na gaba riƙe da bakin sanda, tsoho na biye, alhali tsaransa suna aji. Mutum biyu ke nan cikin duhu, ɗaya ba ido, ɗaya ba karatu.

Mu marubuta ma da namu laifin. Ni kaina na taɓa makantar da muguwar kishiya a ƙarshen littafi, wai alhaki ne ya kama ta. Me na koya wa mai karatu, in ba cewa makanta horo ne na masu laifi ba?

Don haka ba fassarar littafin kare muke bukata ba, namu za mu rubuta. Mu zana wa yara ɗan jagoran da ya koma makaranta, domin kakansa ya koyi tafiya da farar sanda. Mu zana tsohuwar da aka cire wa yanar ido a asibiti ta ga jikokinta, tunda yana ita ce kan gaba wajen makantar da manya a Najeriya, kuma tana da magani. Mu ba su labarin Louis Braille, yaron Faransa da ya makance tun yana ƙarami, ya ƙirƙiro rubutun makafi a 1824 yana ɗan shekara 15. Mu gaya musu tun 1953 aka buɗe makarantar makafi a Gindiri. Ga kuma Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da ya yi wa Manzon Allah (SAW) ladanci.

Na san za a ce buga littafi mai kala akwai tsada, 'yan kasuwa kuma soyayya suka sani. Gaskiya ne. Amma shafi 16 da zanen baƙi da fari ai bai fi ƙarfinmu ba, yaran ma su shafa kalar da kansu.

Ni dai na fara nawa, domin har yau 'yata na bin na bashin amsa. Saura ku. Allah Ya sa mu dace, amin.