Fankar kwamfuta da haƙƙin wanda ya biya kuɗinta

A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, kwamfutar da ke ofishin dilan atamfa a Kantin Kwari tana aiki ne a yanayin da ba a ƙera ta dominsa ba. Takardun yawancin kwamfutocin ofis na Dell da HP sun kayyade zafin ɗakin da ya dace da su tsakanin digiri 10 zuwa 35. Ga ƙurar hunturu da ta toshe ramukan iska, ga burɓushin yadi, ga wutar lantarki da ba ta isa a kunna na'urar sanyaya ɗaki. Cikin wannan hali, abin da ke tsare lissafin bashin abokan ciniki daga salwanta fanka ce ƙarama, kuma mai kwamfutar ba shi da cikakken iko a kanta. Wannan rashin iko da gangan kamfanoni suka ɗora shi, bai kuma kamata a ci gaba da karɓarsa ba.

A kan babban allon kwamfuta, wanda masu gyara ke kira madabod, akwai wata 'yar na'ura da ke auna zafi da ƙarfin wuta, tana kuma sarrafa gudun fanka. Kamfanonin Taiwan irin su ITE da Nuvoton da Fintek ne ke ƙera mafi yawansu. Babbar manhajar kwamfuta, Windows ce ko Linux, ba ta iya magana da wannan na'ura sai ta bakin tafinta, wato ƙaramar manhajar da ake kira direba. Rubuta direba kuwa sai da takardar bayanin na'urar, sannan a san yadda mai madabod ya haɗa wayoyinsa: wane ma'auni ne na ƙwaƙwalwar kwamfuta, wace kafa ce ta fanka. Waɗannan bayanai ne kamfanoni da dama suka kulle a aljihun tebur.

Sakamakon a bayyane yake. A shekarar 2018, Guenter Roeck, mai kula da sashen ma'aunan zafi na Linux, ya janye direban it87 da yake renonsa a gefe domin sababbin na'urorin ITE, saboda rashin takardu da rashin taimako daga kamfanonin. Wasu direbobin da ake amfani da su yau, masu sa kai ne suka tono su ta hanyar bin diddigin na'ura da gwaji. A ɓangaren Windows ma ba a tsira ba. Manhajojin sarrafa fanka da yawa sun dogara shekara da shekaru a kan WinRing0, tsohon direba da aka fitar tun 2007, wanda aka bayyana ɓarakar tsaronsa a 2020. A watan Maris na 2025 Microsoft Defender ya shiga tare shi a matsayin barazana, manhajoji irin su Fan Control suka tsaya wa mutane cak. Zaɓin da aka bar wa mai kwamfuta shi ne ko ya buɗe wa ɓarayin intanet ƙofa, ko ya haƙura da sanin zafin na'urarsa.

Lamarin ya fi tsanani ga Kano saboda dalili guda. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum, Windows 11 kuma ba ta karɓar mafi yawan kwamfutocin da suka girmi zubi na takwas na Intel. Kwamfutoci na hannu da ake saya a Titin Beirut, nan kusa da Kwari, da shagunan Sabon Gari, da yawansu 'yan wancan zamani ne. Mafita mai sauƙin kuɗi ita ce Linux, amma mai gyaran da ya saka ta kan wani madabod ɗin zai iya tarar da cewa zafin ƙwaƙwalwa kaɗai yake gani, fanka kuwa ba ta nuna gudunta, balle ta ji umarni.

Masu kare kamfanoni suna da hujjoji biyu. Ta farko, cewa BIOS na juya fanka da kansa, ƙwaƙwalwar kuma tana rage gudu idan ta doshi digiri 100, don haka ba za ta ƙone ba. Gaskiya ne, sai dai an tsara wancan ma'auni ne domin ofis mai sanyi inda ƙarar fanka ce abin ƙi. Ɗan kasuwar Kwari, wanda janareta ke ruri a ƙofarsa, zai fi son fanka mai ƙara a kan kwamfuta mai jan ƙafa da rumbun ajiya mai mutuwa da wuri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta biyu, cewa mutane za su lalata na'urorinsu idan aka sakar musu linzami. To, ana iya sa iyakar da fanka ba za ta sauka ƙasa da ita ba. Kamfanin da ke saka maɓallin ƙure gudun ƙwaƙwalwa a madabod ɗinsa ba shi da bakin cewa fanka ce haɗari.

Tarayyar Turai ta zartar da dokar haƙƙin gyara a 2024 saboda masu saye sun matsa. Najeriya ma tana da makami. Hukumar NITDA, wadda ke tantance ayyukan fasahar sadarwa na ma'aikatun tarayya, za ta iya sharɗanta cewa kwamfutar da za a saya da kuɗin gwamnati sai ma'aunanta da fankarta suna aiki a Windows da Linux ba tare da direba mai ɓaraka ba. Ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Bayero za su iya tattara bayanan madabod ɗin da suka fi yawa a Kano su miƙa wa masu kula da Linux, aikin kammala karatu da zai amfani jama'a. Shi kuwa mai saye, kafin ya ƙirga kuɗi, ya nemi a kunna masa kwamfutar ya ga zafinta da gudun fankarta a fuskar allo. Idan mai shago ya kasa nunawa, a rage farashi ko a wuce gaba.