Yaranmu sun san Burj Al Arab, ba su san Al-Katsinawi ba

Ranar Asabar da ta wuce samarin unguwarmu a nan Yantala, cikin birnin Yamai, sun shirya wa ƴan lakwal gasar kacici-kacici, don kada yara su wuni suna gararamba a bakin kogi. Allah ya saka musu da alheri, niyyarsu mai kyau ce. Amma na tashi daga wurin da ɓacin rai, kuma har yau bai sake ni ba.

Mai tambaya ya ce a faɗi sunan otel ɗin Dubai da aka gina a kan tsibiri cikin teku. Kafin ya rufe baki yara sun amsa: Burj Al Arab. Ya ce waɗanne otel-otel aka buɗe a Yamai saboda taron Tarayyar Afirka na 2019? Suka jero Radisson Blu da Noom da Bravia, wani yaro ma ya ƙara da cewa Turkawa ne suka gina Radisson. Daidai ne. Sai aka zo kan tambayar da ta ce a ambaci masanin lissafi ɗaya ɗan Afirka. Wuri ya yi tsit. Can wata yarinya ta ce Fitagor, wanda Bagirke ne. Mai tambaya ya duba wayarsa, ya wuce gaba, ba wanda ya damu.

Ban ga laifin yaran ba, abin da muka ɗaga musu suka gani. Tun zamanin Seyni Kountché, da kuɗin yuraniyom ya gina otel ɗin Gaweye a bakin gadar Kennedy, mun saba auna ci gaban ƙasa da tsayin bene. Na san otel yana samar da aikin yi kuma baƙo sai da masauki, ba ni da ja a kan haka. Abin da ke ci mini rai shi ne, in ka tsaya a lambunan bakin kogi na Yantala ka dubi ƙetare, ɓangaren Harobanda kake kallo, inda jami'armu take. Mutumin da ya fara shugabantar wannan jami'a a shekarun 1970, Farfesa Boubakar Ba, masanin lissafi ne. An haife shi a 1935, ya shiga École Normale Supérieure ta Paris a lokacin da ɗan Afirka baƙar fata ba ya ko mafarkin ƙofarta, ya rasu a 2013. Shi ya miƙa ragama ga Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, masanin hasken rana, wanda jami'ar ke ɗauke da sunansa tun 1992. A Zariya ma Farfesa Iya Abubakar, wani gwanin lissafi, ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978. Cikin yaran nan babu wanda ya taɓa jin ko ɗaya daga cikinsu a aji.

Masu bin wannan shafi sun san inda zan nufa, domin ba yau na fara kuka a kan Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Fulani Al-Katsinawi ba, kuma ba zan daina ba. Malami ne daga Katsina, ya yi karatu a nan yankinmu na Afirka ta Yamma, ya tafi aikin Hajji, ya zauna a Alƙahira yana koyarwa. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan ƙa'idojin gina hatimi mai gidaje mara, wato uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai. Ya rasu a 1741 a gidan Shaihu Hasan Al-Jabarti, mahaifin Abdurrahman Al-Jabarti, babban marubucin tarihin Masar, wanda ya sa shi cikin jerin malaman da ya ba da labarinsu. Bakatsine ne ya je cibiyar ilimin duniyar Musulmi ta wancan zamani, manyan malamai suka zauna gabansa. Turawan da ke rubuta tarihin lissafi suna ambatonsa a littattafansu, mu kuwa da muke da Katsina da Maraɗi jini ɗaya, ba mu sa shi ko a layi ɗaya na littafin ɗan firamare ba.

Kowa a nan ya taɓa ganin hatimi a kan allo ko cikin laya. Ku ajiye batun abin da ake yi da shi, wannan muhawarar malamai ce, su suka san hukuncinta. Ku dubi lambobin kawai. Gida tara: a sama 4, 9, 2, a tsakiya 3, 5, 7, a ƙasa 8, 1, 6. Ka haɗa a kwance, 15. Ka haɗa a tsaye, 15. Ka haɗa a karkace, 15. Me ya sa 15? Domin in ka tara 1 zuwa 9 za ka sami 45, ka raba wa layi uku, kowanne ya tashi da 15. To me ya sa dole 5 ce za ta zauna a tsakiya? Layuka huɗu ne ke ratsa gidan tsakiya, ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye, biyu a karkace, jimillarsu 60. Sun taɓa kowane gida sau ɗaya, ban da na tsakiya da suka taɓa sau huɗu. Ka cire 45 daga 60, saura 15, wato lambar tsakiya sau uku. Ka raba, ka sami 5. Wannan hujja ce cikakkiya, irin wadda ake nema daga ɗalibin jami'a, kuma yaro ɗan shekara goma sha biyu zai gane ta cikin rabin awa in an yi masa bayani da Hausa ko Zabarmanci. Daga nan sai ya tambayi kansa, to mai gida 25 fa? Kowane layi 65. Ranar da yaro ya fara yi wa kansa irin wannan tambaya, ya shiga lissafi ke nan.

Ana yawan ce mini yaranmu ba su da kan lissafi. Ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai cutarwa. Ku je kasuwar unguwa ku tsaya kusa da mai sayar da tumatir da salati. A jikin kuɗi an rubuta 500, ita ta ce dala ɗari. In kuɗi ya kama 125, ta ce dala ashirin da biyar. Tun safe har magariba tana ninkawa da biyar, tana rabawa da biyar, tana ba da canji, ba takarda ba na'ura, kuma ba ka isa ka cuce ta da dala ɗaya ba. Ɗiyarta da ke taya ta tana yin haka tun tana shekara bakwai. Yarinyar nan ce za ta shiga aji, a yi mata tambaya mai sauƙi da Faransanci, ta kasa gane abin da ake nema, mushe, wato malamin, ya ba ta sifiri, a rubuta cewa ba ta da ƙwaƙwalwa. Abdou Moumouni ya yi wannan magana tun 1964 a littafinsa kan ilimi a Afirka, ya ce a koyar da yara da harsunansu. An sa sunansa a ƙofar jami'a, an bar maganarsa a kan shiryayye. A 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, na yi murna kamar kowa, amma ina littafin lissafin? Wa aka horar ya koyar da shi? Malamin kwantaragi da ke jiran albashinsa, da yara fiye da kima a rumfar zana, shi za a ce ya ƙirƙiro kalmomin da kansa?

Ko da masu shirya gasar sun nace sai otel, akwai otel ɗin da ya fi dacewa da ƴan makaranta. David Hilbert, Bajamushe, ya kawo misalinsa a wata lacca a 1924: otel mai ɗakuna marasa iyaka, kowane ɗaki da mutum. Baƙo ya iso da dare. Mai otel ya ce na ɗaki 1 ya koma 2, na 2 ya koma 3, haka har abada, sai ɗaki 1 ya zama fanko. In kuma baƙi marasa iyaka ne suka iso, kowa ya koma ɗakin da ya ninka lambar nasa, duk ɗakuna mara su buɗe. Ka ba yara wannan a fada, za su bar shayi ya huce suna gardama. Sanin yawan benen wani otel a Dubai, wanda kuɗin kwana ɗaya a cikinsa ya fi abin da iyayensu ke samu a wata da watanni, ba ya koya musu komai sai raina abin da suke da shi.

Ina kira ga ma'aikatar ilimi da babbar murya: a sa shafi ɗaya a kan Al-Katsinawi da hatiminsa cikin littafin ajin ƙarshe na firamare, da Hausa da Zabarmanci. Sashen lissafi na Jami'ar Abdou Moumouni ya daina jiran a zo masa, ya turo ɗalibansa su haye gada su shiga makarantun unguwanni ko sau ɗaya a wata. Ku kuma samarin Yantala, in za ku sake shirya gasa, ku ajiye tambayoyin da kuka kwafo daga waya, ku zo da allo da alli, ku zana gida 25, ku ba da kyautar ga yaron da ya fara cika su kowane layi ya ba da 65.