Kamara 4K a majami'a, murya kuwa kamar daga cikin tulu

Yau maganata da dattawan ikilisiya ce, da komitocin da ake kafawa don sabunta kayan watsa sujada kai tsaye, abin da yaranmu ke ce wa direk. Yayin da ake ciki ke nan daga Yamai har Maraɗi: a tashi ranar Lahadi bayan baiko a ce kamararmu ta tsufa, majami'ar waccan unguwa ta sayo sabuwa, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Ni dai na ce a dakata. Ana shirin zuba kuɗi inda ba nan ciwon yake ba.

Kada wani ya juya mini magana, ban ce direk ba shi da amfani ba. A watan Maris na 2020, da korona ta sa aka rufe masallatai da majami'u, wayar hannu ce ta riƙe jama'a da fastocinsu. Har yau akwai ɗan ikilisiyar da ke aiki a Arlit, da ɗalibi a Abijan, da tsohuwar da ƙafa ta hana ta fita, duk suna jiran Lahadi a Facebook. Don su ake yi. To a tambaye su mana me ke damunsu.

Ku buɗe direk ɗin kowace majami'a ku karanta abin da masu kallo ke rubutawa. Mutum nawa ne ya taɓa cewa bai ga zanen rigar fasto da kyau ba? Kukan ɗaya ne kullum: ba mu ji, ya yanke, ya tsaya. Dalili a fili yake. An kafa kamara can bayan ɗaki, ƙaramin mikro ɗin da ke jikinta shi ke kwasar komi: ƙarar fanka, kukan jarirai, amon bafal da ke dukan bangon siminti da rufin kwano yana dawowa. Muryar mai wa'azi sai ta iso kamar daga cikin tulu. Ka sayi kamarar miliyan nawa ka kafa a wuri guda, tulun yana nan. Maganin kuwa waya ce guda, da za a jawo daga teburin haɗa sauti a sa cikin kamarar ko kwamfutar, sai ƙaramin mikro na maƙalawa a wuyan riga, sai yaro ɗaya da zai zauna da abin saurare a kunne daga farko har albarka yana lura. Kuɗin duka bai kai na jakar da ake saka sabuwar kamarar ba.

Yanzu mu yi lissafi, tunda masu sayar da kaya ba sa son a yi. Hoton 4K ya ninka na 1080 sau huɗu. Direk ɗin Facebook da muka sani iyakarsa 1080, da yawa ma a 720 suke fita. Ke nan abin da aka biya kuɗi dominsa tun a bakin ƙofa ake zubar da shi. A ce an koma YouTube, wanda ke karɓar 4K: sai rezo ya iya tura megabit 20 ko fi a kowace daƙiƙa ba yankewa, wato jiga 9 cikin awa guda. Sujadarmu kuwa wa ya taɓa ganin ta awa guda? A 720, megabit 3 zuwa 4 sun isa, jiga biyu ba su cika ba a awa. Kuma ku lura, ƙarfin turawa daban yake da na saukewa. Ganin 4G a goshin waya ba ya nufin rezo zai ɗauki hotonka da ƙarfe goma na safiyar Lahadi.

Can ɗaya gefen fa? Mai kallo yana riƙe da Itel ko Tecno, da forfe na dala ashirin ko arba'in. Wayarsa da kanta za ta rage hoton don kada ya tsaya. Minti goma sha biyar, mega sun ƙare, bai ko kai ga karatun Littafi ba. Amma wa'azin awa guda, murya zalla, mega 30 ne idan an matse shi daidai. A tura shi WhatsApp da yamma, ya kai ƙauyukan Gidan Runji da Dakwaro inda hoto ba ya buɗewa, a saurara a gona, a sake saurara.

Na san za a ce ai ɗan rediyo ne, dole ya yabi kunne. Na ji. Amma ku gwada da kanku: hoto dishi-dishi da murya tangaran, mutum zai zauna har ƙarshe. Hoto tangaran da murya mai amo, minti biyu ya wuce gaba.

Sai wuta. Ba mu manta Agustan 2023 ba, da Najeriya ta yanke mana layin lantarki. Ko ba wannan, kowa ya san halin watan Afrilu da Mayu. Kamarori uku masu juya kansu, da akwatin sauya hoto, da kwamfuta, da akwatin intanet, duk ƙiftawar wuta ɗaya ta kashe su. Majami'ar da ba ta da batiri da fanon sola, kamara ce farkon abin sayenta? Hasken ɗaki ma haka. Da yawa taga ce a bayan bagadi, sai fuskar fasto ta fito baƙi ƙirin, a ɗora wa kamara laifi. Labule da ƙwan fitila biyu a gaba sun gama aikin.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi nauyi. Abin da ake tallata sabuwar kamarar da shi shi ne zum: daga bayan ɗaki ta jawo fuskar mutum har ka ga hawaye. Wa ya tambayi mai hawayen? Matar da ta fito a yi mata addu'ar haihuwa, da mutumin da ya tashi ba da shaida ya faɗi sirrin gidansa, ƴan uwansu na ikilisiya suka gaya wa, ba duniya ba. Direk kuwa da zarar ya fita, kowa na iya yankar minti ɗaya ya yaɗa da irin bayanin da ya ga dama. Wanda ya ga abin da ya sami majami'u a Damagaram da Yamai cikin Janairun 2015 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kamara ta tsaya kan bagadi da mawaƙa. Lokacin shaida da addu'ar marasa lafiya a rufe ta. Wannan doka ba ta cin ko dala. Ƴan uwa masu ɗaukar tafsirin azumi, ku ma kun ji, don yayin ya iso gare ku.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne daga inda kuɗin ke fitowa. Daga Zumuntar Mata ne, daga mai tuyar ƙosai da mai ƙuli-ƙuli, daga mai gadi da ɗan kabu-kabu. A cikin ikilisiyar nan akwai mai bishara a ƙauye da ke jiran ɗan abin wata, akwai rufin da ke yoyo. Sannan bayan wata shida a tarar yaron da ya iya kayan ya tafi jami'a, kamara ta koma kwali cikin ofishin fasto. OBS, manhajar da ake haɗa direk da ita, kyauta ce. Koya wa matasa uku ita ya fi kamara ta uku. Wa'azin ma a riƙa adana shi a gida, don tun 2025 Facebook goge direk yake yi bayan kwana 30.

Baba fasto, dattawa, kafin ku sa hannu a takardar mai kaya, ku aiki mutum biyu Lahadi mai zuwa. Ɗaya ya zauna bakin kasuwa, ɗaya ya fita bayan gari, kowa da wayarsa ta kullum da forfe na dala arba'in, su kalli sujadar daga waƙar farko. Su dawo su faɗi gaban komiti a minti na nawa ya yanke, da abin da suka ji daga wa'azin.