Masu gyaran waya a gabashin Sakkwato sun cancanci sanin yadda ake rubuta ƙwaƙwalwarta

A kasuwannin Isa da Sabon Birni akwai matasa masu gyaran waya da kayan sola, a yankin da rashin tsaro ya raba mutanen ƙauyuka irin su Tozai da gonakinsu. Cikin mintuna yaro zai cire guntun lantarkin da ya ƙone ya sa sabo. Sai dai ba a koya masa cewa wannan guntu, wato ƙwaƙwalwar wayar, rubuta shi ake yi kafin a ƙera shi ba.

Harsuna biyu suka fi shahara a wannan aiki: Verilog, wanda Phil Moorby ya ƙirƙiro a shekarun 1980, da VHDL na ma'aikatar tsaron Amurka, wanda aka daidaita ƙa'idojinsa a 1987. Manhajar da aka saba da ita umarni take bi ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa Verilog tsarin hanyoyin lantarki yake bayyanawa, kamar magudanan noman rani a Goronyo: da an buɗe ruwa, ko'ina zai kama gudana lokaci guda.

Ya kamata Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi su buɗe gajerun kwasa-kwasai kan wannan fanni, su ware gurabe ga matasan gabashin jihar.

Wani zai ce Najeriya ba ta da masana'antar ƙera irin wannan guntu. Haka ne, amma Nvidia da Qualcomm ma ba su da ita. Zane suke yi, kamfanoni irin su TSMC na Taiwan su ƙera.

Batun kuɗi ma da sauƙi. Icarus Verilog da Yosys kyauta ne, suna aiki a tsohuwar kwamfuta ko babu intanet. Mutanen yankin sun san muhimmancin haka, domin a Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar, duk sana'ar da ta dogara da intanet ta tsaya cak.

Tsaro ne kan gaba, babu musu. Amma yaron da ke zaune a Sakkwato yana jiran ranar komawa gida, shekarun karatunsa tafiya suke yi. Tunda ya riga ya iya riƙe dalma, a ba shi kwamfuta da malami.