Cutar Kwamfuta Ba Ta Jiran Intanet

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin ma'aikata da ɗalibai, cewa wai kwamfutar da ba ta hawa intanet ba ta kamuwa da cuta, balle ma wadda ke can Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, inda babu wanda zai kula da ita. Wannan zato kuskure ne, tarihin cutar kansa kuwa shi ne shaida.

A shekarar 1982 wani yaro ɗan shekara 15 a Amurka, Rich Skrenta, ya rubuta wata 'yar manhaja mai suna Elk Cloner don na'urar Apple II. Da wasa ya yi, don ya tsokani abokansa. Takan ɓuya cikin faifai, in an sa faifan a na'ura sai ta maƙale, duk wani faifan da ya biyo baya kuma ta shige shi. A karo na 50 da aka kunna na'ura da faifan sai ta fito da 'yar waƙa. Ko waya ɗaya ba ta haɗa waɗannan na'urori ba, aron faifai ne kurum tsakanin abokai. Haka Brain, wadda wasu 'yan'uwa biyu suka rubuta a Lahore ta Pakistan a 1986, ta ƙetare teku cikin jakunkunan matafiya, har da adireshin shagonsu a cikinta.

Ƙarancin masu amfani da na'ura ma bai zama kariya ba. Linux, babbar manhajar da ɗalibi Linus Torvalds ya fara a 1991 don sha'awa, ta samu tata cutar, Staog, a 1996, tun tana hannun 'yan tsiraru.

To, faifan jiya shi ne filashin yau. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da waɗannan uku. Rufe layi ba ya hana filashi yawo. Daga shagon buga takardu yakan je ofis, daga ofis ya bi ɗalibi makaranta, kowace na'ura ya shiga ya ɗauki abin da ya tarar. Na'urar da ta daɗe ba ta sabunta rigakafinta ba kuwa ita ce ta fi saurin kamuwa. Abin da ke cikinta ba wasan yara ba ne, watau jerin albashi, da takardun fansho, da kundin da ɗalibi ya shekara yana rubutawa.

Saboda haka ya kamata shugabannin ofisoshi su hana sa filashin waje a na'urar da ke riƙe da lissafin albashi, su ware wata dabam don karɓar takardu, sa'an nan a riƙa ajiye kwafin muhimman bayanai duk mako, a kulle shi a kabad.