RA'AYINMU: Daga Gonakin Kura Zuwa Tukunyar Ɗalibi

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Zariya daga Kano cikin watan Fabrairu ya san abin da idonsa zai gani da zarar ya doshi Kura. Ƙasa ta bushe ko'ina, hunturu ya kakkaɓe ganyen itatuwa, amma nan hagu da dama kore shar: ga alkama, ga albasa, ga masara, ga tumatir ja wur. In ya ƙara gaba zuwa Kwanar Gafan, sai ya tarar da kwanduna jere bakin titi, ana loda su cikin manyan motoci masu tafiya Ikko da Fatakwal. Tsakanin wannan wuri da ɗakunan kwananmu tafiyar ba ta kai ta sa'a guda a mota ba. Amma fa a daren wannan rana akwai ɗalibin da zai kwana da garin kwaki da ruwan sanyi a cikinsa, gobe kuma ya tashi ya shiga ɗakin jarrabawa. Wannan shi ne abin da ya dame mu, shi muke so mu tattauna da 'yan'uwa a wannan fitowa.

Maganar cikin ɗalibi tsohuwar magana ce a ƙasar nan, har jini ya zuba a kanta. A watan Afrilu na 1978, zamanin mulkin Janar Obasanjo, aka ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini guda, watau daga naira 1 da kwabo 50 zuwa naira 2. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, a ƙarƙashin Segun Okeowo, ta ce ba ta yarda ba, aka yi ta zanga-zangar neman Kwamishinan Ilmi, Kanar Ahmadu Ali, ya sauka. An rasa rayukan ɗalibai a Ikko da Zariya, aka kuma haramta ƙungiyar. Zuwa 1984 gwamnatin soja ta janye tallafin ciyarwa ɗungum, ɗakunan cin abinci suka koma hannun 'yan kasuwa, kowane ɗalibi ya zama mai dafa wa kansa ko mai saye da tsada. Tun daga ranar nan ake ta kukan a maido. Mu ma muna cikin masu kukan, ba kuwa za mu daina ba. Sai dai shekaru arba'in sun ishi mai hankali ya gane cewa wanda ya zauna jiran tuwon gwamnati zai daɗe bai wanke hannu ba.

To, mu dubi abin da ke kusa da mu. Gwamna Audu Bako ne ya sa aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka gama ta a 1974. Daga can ruwa ke gangarowa da kansa ta babbar hanyar ruwa, ba inji ba mai, ya rarrabu cikin ƙananan magudanai har ya kai gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. An tsara kashi na farko na aikin ya shayar da kimanin hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shi. Kura da aka sani dā da rini da baƙin rawani, yau da shinkafa aka fi saninta. Mata na turara shanshera, injinan casa na ta ruri. Da kuɗin jama'a aka yi wannan aiki, watau har da harajin iyayenmu, saboda haka ba roƙo muke yi ba in mun ce muna da rabo a cikinsa.

Me ya sa rabon bai iso ba? Domin ɗalibi shi ne mafi rashin dabara cikin masu saye. Gwangwani guda yake auna, kashi guda na tumatir yake ɗauka, daga hannun mai tebur wanda ya saro a 'Yankaba, daga hannun dillali wanda ya saro a bakin gona. Kowane hannu da ladansa, kowace mota da kuɗin manta, balle tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Manomi na kuka an saya masa da arha, ɗalibi na kuka an sayar masa da tsada, kuma dukansu biyu gaskiya suke faɗa. Ƙaramin ma'aikaci da ya fara aiki bara, wanda albashinsa ke ƙarewa tun kafin wata ya raba, shi ma jirgi ɗaya ya ɗauko mu.

Akwai kuma laifinmu, kada mu ɓoye. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka cewa cin taliyar leda da lemon kwalba shi ne wayewa, ɗanwake da dambu kuwa na mutanen ƙauye ne. Wannan kuskure ne mai tsada. Masana abinci sun daɗe da tabbatar da cewa hatsi da wake suna cike wa juna gurbi: abin gina jiki da shinkafa ko gero ya gaza a kai, wake na da shi, abin da wake ya gaza a kai kuwa hatsi na da shi. Ashe garau-garau, wanda wasu ke jin kunyar a gan su da shi, ya fi faranti da yawa masu tsada amfani, musamman in an yanka masa tumatir da albasa da ɗan latas. Awara ta waken suya ce, tana tsayawa a madadin nama ga mai ƙaramin ƙarfi. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli ya haɗa ganye da mai da abin gina jiki a kwano guda. Cokalin manja da ɗan karas suna taimakon ido, mu kuwa da ido muke neman abinci. 'Yan'uwanmu mata, waɗanda ƙarancin jini ya fi kamawa, su suka fi kowa bukatar wake da ganye. Abin da taliyar leda ke bayarwa galibi gari ne da mai da gishiri. Tana toshe yunwa, nan da sa'a biyu kuma mutum ya fara hamma a gaban malami.

Shawararmu ga Majalisar Ɗalibai ita ce a kafa ƙungiyar saye ta haɗin gwiwa. Ɗalibai su zuba kuɗi a farkon zango, a naɗa mutane kaɗan su tafi Kura su auno shinkafa buhu-buhu daga masu casa, a kawo a raba da kwano a kan farashin sari da kuɗin mota kawai. Wake a saye shi da kaka, lokacin da ya fi sauƙi, a ɗura a buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba sai an zuba magani mai cutarwa ba. Masu karɓar kuɗin guzuri daga asusun lamunin ɗalibai da aka fara a 2024 su tuna bashi ne. Gara ya tafi a buhu da ya tafi a leda.

Tumatir shi ke da wuyar sha'ani. Daga Janairu zuwa Maris yana yin yawa har ya ruɓe a bakin hanya. Da damina ta kawo kai sai ya zama ɗan sarki. Wani lokaci ma annoba ke faɗa masa, kamar a 2016 da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, har masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa, wadda aka buɗe a shekarar, ta dakata don rashin abin sarrafawa. Maganin wannan iyayenmu mata sun san shi tun tuni: a yanka, a shanya, a yi kauɗa. Rana ba a saye, kuma ba mu rasa rufin kwano ko fili a makaranta ba. A shanya dai a kan tabarma mai tsabta a bisa, nesa da ƙura da awaki. Ganye kuwa da za a ci ɗanye, a wanke shi sosai da ruwa mai kyau, domin an yi masa feshi a gona.

Mun san abin da mai karatu ke rayawa a zuci: wa za a ba amanar kuɗin? Tambaya ce mai kyau, ba kuwa za mu ce shugabannin ɗalibai mala'iku ne ba. Don haka muke cewa a fara da ɗakin kwana guda, a liƙa lissafi a allon sanarwa duk ranar da kaya suka iso, a auna a bainar jama'a, kuma kada ma'ajin ya kasance cikin masu zuwa kasuwa. Ɗaliban da suka fito daga Kura da Bunkure, waɗanda iyayensu ke riƙe da gonakin nan, su ne 'yan jagora; su kuma ɗaliban aikin gona su gaya mana watan da ya dace a sayi kowane abu.

Muna roƙon Majalisa ta sa wannan batu cikin ajandar zamanta na gaba, ta kuma naɗa kwamiti kafin a fara yankan shinkafar damina. In aka bari kaka ta wuce, dillalai sun riga sun kwashe, sai kuma baɗi.